Yawon Wuni Ɗaya da Iyali a Northumberland: Tambayoyi da Amsoshi

Da zarar hutun makaranta ya gabato, magana ɗaya ke yawo tsakanin iyalanmu mazauna Newcastle da Sunderland: ina za a kai yara su sha iska, a dawo gida kafin dare? Wasu har Landan suke tunani, alhali wurin zuwa yana nan a bayan gida, wato gundumar Northumberland. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kanta.

Wai ina ce Northumberland ɗin, kuma me ke cikinta?

Ita ce gundumar ƙarshe ta arewacin Ingila, daga ita sai Sikotland. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 5,000, amma mutanenta ba su wuce 320,000 da 'yan kai ba. Akwai ƙananan hukumomi a cikin birnin Kano da suka fi ta jama'a. Gabashinta teku ne da rairayi, yammacinta tuddai da daji da tumaki, kudancinta kuma ganuwar da Rumawa suka gina. Daga Newcastle, yawancin wuraren da zan ambata tafiyar awa ɗaya ce a mota, ko ta ɗan gota.

Idan rana ɗaya tak muke da ita, ina za mu nufa?

Bamburgh, ba tare da wani dogon tunani ba. Ƙauye ne ƙarami, a bakinsa akwai wata katafariyar fada a kan dutse tana kallon teku, a ƙarƙashinta kuma rairayi fari tas, iya ganinka. Shiga fadar da kuɗi ne, rairayin kuwa kyauta, kuma a ganina shi ne yara ke tunawa. Na taɓa biyan kuɗin shiga na mutum biyar, muka zaga ɗakunan sulke da takubba, da aka dawo gida aka tambayi autarmu me ta gani, sai ta ce kaguwa.

A cikin ƙauyen akwai ɗan gidan tarihin Grace Darling, wanda ba a biyan kuɗin shiga. Ita 'yar mai tsaron hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce. A watan Satumba na 1838, jirgin Forfarshire ya daki duwatsu cikin guguwa, ita da mahaifinta suka shiga kwalekwale suka tuƙa, aka ceto mutum tara. Shekarunta 22 a lokacin. Kwalekwalen yana nan a ajiye, kuma idan yaro ya tsaya kusa da shi ya ga ƙanƙantarsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Gargaɗi ɗaya: ruwan tekun nan sanyi ne da shi ko a watan Agusta. A tsoma ƙafa dai, a riƙe hannun ƙanana.

Da gaske ne akwai tsibirin da teku ke rufe hanyarsa?

Gaske ne. Sunansa Lindisfarne, an fi kiransa Holy Island. Hanyar kwalta ce ta ratsa taɓo ta haɗa shi da tudu, kuma sau biyu a kowace rana teku na cikowa ya shafe ta gaba ɗaya. Hukumar gundumar tana wallafa jadawalin lokutan tsallakawa a intanet, an kuma kafa shi a bakin hanyar. Lokacin yana matsawa kullum, don haka wanda ya tsallaka da ƙarfe goma ranar Asabar ɗin da ta wuce, kada ya ɗauka wannan Asabar ma haka ne.

Ruwan ba ya zuwa da hayaniya, shi ya sa yake yaudarar mutane. Direba zai ga ɗan ruwa iya idon sawu ya ce bari in gwada, kafin ya kai tsakiya injin ya mutu. A tsakiyar hanyar akwai wata 'yar bukka fara a kan dogayen ƙafafu, da tsani, an yi ta ne domin irin waɗannan su hau su jira ceto, motar kuwa sai dai a yi haƙuri. Kusan kowace shekara sai an samu wanda ya hau ta. Ku duba lokacin fita tun kafin ku shiga, ku kuma baro tsibirin da sauran lokaci a hannu.

A can ɗin akwai kangon wurin ibadar Kirista mai dogon tarihi: an fara kafa shi a 635, mahara na Viking suka far masa a 793. Yara sun fi damuwa da tsofaffin jiragen kamun kifi da aka kife a bakin ruwa aka mayar da su rumbunan ajiya.

Jirgin ruwa zuwa tsibiran Farne fa, ya dace da yara?

Ya dace da waɗanda suka ɗan tasa. Daga tashar Seahouses ake tashi, kusa da Bamburgh. Daga Mayu zuwa ƙarshen Yuli ne lokacin puffin, wani guntun tsuntsu baƙi da fari mai baki kala-kala kamar na aku, wanda ke haƙa rami a ƙasa ya yi ƙwai. Wanda ya je a ƙarshen Agusta zai tarar sun koma teku. Akwai kuma seal, dabbar ruwa mai kama da ayu, kwance birjik a kan duwatsu. Idan za a sauka a tsibirin Inner Farne lokacin ƙyanƙyasa, kowa ya sa hula, domin akwai wasu fararen tsuntsaye masu tsaron ƙwansu da ke saran mutum a tsakar ka. Idan iska ta yi ƙarfi ana soke tafiya, a buga waya da safe a tabbatar. Mai jin jiri a mota, jirgi zai fi wahalar da shi.

Alnwick da ake ta magana, ta cancanci kuɗinta?

Da farko, mutanen garin “Anik” suke cewa. Fadar gidan Percy ce tun 1309, har yau iyalin na zaune a ciki, kuma a filinta aka ɗauki wasu sassan finafinan Harry Potter biyu na farko. Tana rufewa lokacin sanyi. Kusa da ita akwai lambun Alnwick, mai tikitinsa daban, inda aka killace wani sashe na tsire-tsire masu dafi a bayan baƙar ƙofa, ba a shiga sai da jagora, ba a taɓawa, ba a shinshinawa. Haɗa fadar da lambun a wuni ɗaya nauyi ne ga aljihu da ƙafa. A zaɓi ɗaya.

Ganuwar Rumawa ba za ta gundiri yara ba?

Idan aka tsayar da su a gaban jerin duwatsu, za ta gundire su. Sarki Hadrian ya sa aka fara ta a shekara ta 122, tsawonta mil 73 daga gaɓar gabashin Ingila zuwa ta yamma. Wanda ya san badalar Kano zai gane tunanin nan take: ganuwa da ƙofofi da masu lura da shige da fice. Dabarar ita ce a kai su inda za su ga rayuwar mutanen. A sansanin Housesteads akwai makewayin sojoji, inda ake zama a jere kafaɗa da kafaɗa ruwa na gudu a ƙasa, kuma ban taɓa ganin yaron da bai yi dariya a wurin ba. A Vindolanda kuma tun 1973 ake tono siraran alluna na itace da aka yi rubutu da tawada a kansu, kamar allon makaranta amma ƙanana. A ɗaya, wata mata mai suna Claudia Severa tana gayyatar ƙawarta bikin zagayowar ranar haihuwarta. A wani, ana sanar da soja an aiko masa safa da ɗan kamfai. Takalman fata na yara ma suna nan, kusan shekara dubu biyu.

Idan ruwan sama ya tsuge fa?

Zai tsuge, don haka rigar ruwa ta zauna a mota. Cragside kusa da Rothbury shi ne gida na farko a duniya da aka haskaka da lantarkin ƙarfin ruwa. A Ashington akwai Woodhorn, tsohuwar mahaƙar kwal da ta koma gidan tarihi. A Alnwick kuma akwai Barter Books, kantin tsofaffin littattafai a cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda ɗan jirgin wasa ke zagaye a saman kantoci.

Abinci da sallah fa, Malam?

A nan ne shiri ke da rana. Da an bar Newcastle, naman halal da masallaci sun yi wuya. A dafa a gida, a cika fulas da shayi, a ɗauki darduma da gorar ruwan alwala. Soyayyen kifi da dankali shi ne abin da ake samu ko'ina a bakin teku, amma a tambaya: wasu da kitsen shanu suke suya, wasu kuma suna zuba giya a ƙullin da ake tsoma kifin. Masu shagon sun saba da tambayar. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, don haka yawon hunturu gajere ne.

Ba mu da mota. Shi ke nan?

A'a. Bas mai lamba X18 na tashi daga Newcastle ya bi ta Alnwick da Seahouses da Bamburgh, sai dai yana da tsaye-tsaye. Ta ɓangaren ganuwa, a hau jirgin ƙasa zuwa Hexham a kama bas AD122, wanda aka ba shi lambar shekarar ginin. Abin da za a fara dubawa shi ne lokacin bas na ƙarshe, domin a ƙauyukan nan ba a tsayar da tasi a bakin titi.

Akwai abin da ke ba yaranmu tsoro da ya kamata mu sani?

Karnuka. A rairayi ana sakin su ba igiya, kuma sukan rugo wajen yara da wasa. A gaya wa yaro tun a gida ya tsaya cak, kada ya ruga, babba kuma ya roƙi mai karen ya kira abinsa. Hanyoyin ƙafa da yawa ta cikin gonakin mutane suke bi, don haka ƙofar da kuka tarar a rufe ku mayar da ita a rufe, saniya mai ɗan maraƙi kuma a ba ta hanya da nisa.