Maciji Ba Ya Son Sanyi

An daɗe ana cewa tunda jikin maciji da sanyi in an taɓa shi, to wuri mai sanyi yake so. Sam ba haka ba ne. Jikinsa ba ya samar da ɗumi, daga waje yake samunsa. Ƙaramar mesar nan da ake fitarwa daga Ghana da Togo da Benin, mai dunƙulewa in ta tsorata, in ana kiwonta a gida, sai ɗumin gefe guda na akwatinta ya kai digiri 31 a ma'aunin Celsius, ɗayan kusan 25, da maɓoya a kowane gefe. In sanyi ya kama ta, ɓeran da ta haɗiye ba ya narkewa, sai ta amayar. Kana ganin tana numfashi baki buɗe, ko kumfa a hanci, ka garzaya da ita wurin likitan dabbobi.