Ma'aunin Farashin Abinci na Duniya

Ma'aunin farashin abinci lissafi ne da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ke fitarwa duk wata domin nuna hawa da saukar farashi a cinikin ƙasa da ƙasa. Rukuni biyar yake bi: hatsi, man girki, nama, madara da dangoginta, da sukari. Nauyin kowane rukuni gwargwadon kasonsa ne a kayan da ƙasashe ke fitarwa, kuma matsakaicin farashin 2014 zuwa 2016 shi ne maki 100. Farashin fitar da kaya da dala yake aunawa, ba abin da mai cefane ke biya ba. Shi ya sa ma'aunin kan sauka amma abinci ya ci gaba da tsada a ƙasar da kuɗinta ya karye.

Tun daga 2000, farashi ya yi mummunan tashi sau uku: 2007 zuwa 2008, 2010 zuwa 2011, sai 2021 zuwa 2022. A Maris 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukiren, ma'aunin ya kai kusan maki 160. Ƙasashen biyu ne ke fitar da sama da rubu'in alkamar da ake ciniki a duniya, da mafi yawan man sunfulawa. Ga kuma tsadar iskar gas, wadda da ita ake yin takin yuriya.

Fari da yaƙi kan kunna wutar, amma hana fitar da kaya ne ke rura ta. Shinkafa ta fi nuna haka, domin kusan kashi 10 cikin 100 kacal na abin da ake nomawa ke ƙetare iyaka. A 2008 ba a yi wani babban ƙarancinta ba, amma da Indiya da Biyetnam suka taƙaita fitarwa, Filifin kuma ta shiga saye cikin firgici, sai tan ɗaya na shinkafar Tailan ya haura dala 1,000, kusan ninki uku cikin 'yan watanni. Gwamnatin da ta rufe ƙofa tana kare talakawanta ne, wannan gaskiya ne, amma nauyin kan faɗa kan matalautan ƙasashe masu dogara da shigo da abinci. Rasha ta hana fitar da hatsi a Agusta 2010, Indonesiya ta dakatar da fitar da manja na kusan mako uku a 2022, Indiya kuma ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yuli 2023.

Masu nazari sun fi sa ido kan yawan hatsin da ya rage a ajiya idan aka kwatanta da abin da ake ci a shekara. Idan ajiyar manyan masu fitarwa ta yi ƙasa, ko hasashen fari kaɗai ya isa ya ɗaga farashi a babbar kasuwar cinikin hatsi ta Chikago da ke Amurka.