Binciken aikin hanta da na'urar maganaɗisu

Binciken aikin hanta da maganaɗisu hanya ce ta gano abin da hanta take ajiyewa da abin da take sarrafawa, ba tare da an tsaga ciki ko an soka allura ba. Na'urar ita ce wadda ake kira MRI a manyan asibitoci. In hoto aka ɗauka da ita, a ga sura da girman hantar. In kuwa aka saita ta don ta auna sinadaran da ke cikin naman, aikin ya koma MRS, kuma a nan ne ake sanin abin da hantar take yi.

Tushen abin ya faro a 1946, lokacin da Felix Bloch da Edward Purcell, kowanne a nasa ɗakin gwaji a Amurka, suka gano cewa cibiyar wasu ƙwayoyin atam, in aka sa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi aka aika musu igiyar rediyo, sukan mayar da amsa. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda za a juya amsar ta zama hoto, shi da Peter Mansfield na Ingila suka sami kyautar Nobel a 2003. Sirrin MRS shi ne kowane sinadari da tasa muryar, kamar yadda makiyayi ke bambance kukan kowace saniya a garke.

Awon da ya fi sauƙi shi ne na kitse. Haidirojin da ke cikin ruwa da wanda ke cikin kitse muryarsu ta ɗan saɓa: a na'ura mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) dukansu suna amsawa a wajen zagaye miliyan 64 a daƙiƙa, amma da ratar kusan 220 tsakaninsu. Da wannan 'yar ratar ake lissafa kitsen hanta, in ya haura kashi 5 cikin 100 a ce ya yi yawa. Kafin haka sai an tsakuro naman da allura, alhali abin da allurar ke ɗebowa bai wuce kashi 1 cikin 50,000 na hantar ba.

Hanta rumbu ce. Bayan an ci tuwo, takan ƙulla sukarin da ya shiga jini ta ajiye shi a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a jikin babban mutum, ta riƙa sako shi in ciki ya zama wayam. Ana jin muryar gilaikojin ta wani nau'in kabon mai lamba 13, wanda bai wuce kashi 1.1 cikin 100 na kabon ɗin jiki ba, don haka muryar ƙasa-ƙasa take, sai an daɗe ana sauraro. A 1991 Douglas Rothman da Gerald Shulman da abokan aikinsu a Jami'ar Yale suka bi diddigin hantar wasu masu lafiya da suka yi awa 68 ba abinci. A da an ɗauka sai rumbun ya kusa ƙarewa jiki ke dukufa ƙera sabon sukari. Sai ga shi tun cikin awa 22 na farko, kusan kashi 64 cikin 100 na sukarin da jiki ya fitar sabo ne, an haɗa shi daga wasu sinadarai irin na furotin da kitse. Azumin Ramadan a ƙasar Kano da Jigawa wajen awa 13 zuwa 14 ne, ke nan manomin da ya kai la'asar a gona bai dogara ga abin da sahur ya zuba a rumbun kaɗai ba.

Da fosfaras kuma ake auna ATP, sinadarin da ƙwayoyin hanta ke kashewa wajen aiki. An ga yana faɗuwa cikin mintuna in aka ɗura wa mutum sukarin furuktos ta jijiya.

Awo biyu sun fi shafar mutanen karkara. Na farko ƙarfe: mai cutar sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini, sinadarin ƙarfe kan taru masa a hanta, kuma ƙarfen kan sa amsar ta dusashe da wuri, da saurin dusashewar ake ƙiyasta yawansa. Na biyu tauri. Ciwon hanta nau'in B, da tsutsar ruwa dangin mai kawo tsargiya da ake ɗauka a fadamu da gonakin rani, sukan bar tabo su sandarar da hantar. Dabarar auna taurin da aka fito da ita a asibitin Mayo na Amurka a 1995 ita ce a ɗora wani faifai a kan haƙarƙari yana girgiza sau 60 a daƙiƙa, na'urar ta bi yadda girgizar ke ratsa naman. Gubar aflatoksin da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ita ma babbar abokiyar gabar hanta ce, musamman in ta haɗu da nau'in B, amma sankara ta fi jawowa.

Duk da haka, mai ciwon shawara ko kumburin ciki a ƙauye gwajin jini da sikanin ne abin da zai fara samu, kuma galibi su suka fi dacewa da shi. MRI sai manyan asibitocin birni, MRS kuwa har yanzu ya fi zama kayan masu bincike. Maganaɗisun yana buƙatar ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili da wutar da ba ta yankewa. Ba ya sakin haske mai lahani irin na eksire, amma yana fizgar ƙarfe, shi ya sa ake tambayar maƙeri ko mai walda ko ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa kafin a shigar da shi.