Cinikin ɗanyen sukarin rake tsakanin ƙasashe

Ɗanyen sukari shi ne wanda aka fitar daga ruwan rake a masana'antar da ke bakin gona, ya daskare ya zama tsaba-tsaba, amma ba a kai ga tace shi ya yi fari ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, saboda sauran baƙin maɗi da ke manne a jikin kowace ƙwaya. Ɗan'uwan mazarƙwaila ne ta wajen asali, sai dai ita mazarƙwaila ruwan raken ake dafawa dungurungum a zuba a mazubi, shi kuwa inji ne ke jujjuya shi da ƙarfi har maɗin ya rabu da tsabar. Ba don a zuba a koko ake yin sa ba. Kayan aiki ne na matatu, kuma galibin sukarin da ke ƙetare teku daga wata ƙasa zuwa wata a wannan siffa yake tafiya.

Duniya na samar da sukari kimanin tan miliyan 180 a shekara. Kusan kashi 80 cikin 100 daga rake ne, sauran daga wani irin gwoza mai zaƙi da ake nomawa a ƙasashe masu sanyi. Wajen kashi ɗaya bisa uku na wannan adadi ne ke shiga cinikin ƙasa da ƙasa, kuma ɗanye ya fi fari yawa a cikinsa.

Dalilin da ya sa ake sayar da shi ɗanye

Rake ba ya jira. Da zarar an sare shi zaƙinsa ya fara raguwa, don haka tilas a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga shi kuma da nauyi: sai an matse tan takwas zuwa goma kafin a sami tan guda na sukari. Wannan ya sa injin matsa ba ya nisa da gona. Ita kuwa matata ba ruwanta da gona, abin da take so shi ne bakin teku, da wutar lantarki, da masu saye a kusa. Ɗanyen sukari shi ne gadar da ke tsakanin su biyun. Ana zuba shi a cikin jirgin ruwa tsurarsa, ba buhu, kamar yadda ake loda alkama, jirgi ɗaya ya kwashi dubban tan. Farin sukari ba ya jure wannan, domin abinci ne da za a kai baki kai tsaye, sai an sa shi a buhu an kare shi daga laima da datti, kuma wannan ƙarin kuɗi ne.

Akwai kuma hannun gwamnatoci a ciki. Ƙasashe da yawa na sa wa farin sukari harajin kwastan mai tsanani, su sassauta wa ɗanye, don aikin tacewa da ribarsa su tsaya a gida.

Awo da suna

Da ma'auni biyu ake ciniki. Na farko shi ne awon da 'yan kasuwar ke kira pol, wato gwargwadon tsantsar sukarin da ke cikin kayan, wanda ake ganowa ta hanyar haska fitila cikin narkakken sukari a ga yadda hasken ya karkata. A tsarin kwastan na duniya, duk sukarin da bai kai digiri 99.5 ba ɗanye ne. Tsohon ma'aunin ciniki digiri 96 ne, abin da ya haura haka mai saye ya ƙara kuɗi. Brazil ta shahara da wani nau'i da ake kira VHP, wanda ya wuce digiri 99, matatu kuwa suna rububinsa domin ba ya ba su wahala.

Na biyu shi ne launi, da ake aunawa da lambar ICUMSA. Ƙaramar lamba, farin sukari. Wanda aka tace sarai shi ne mai lamba 45, shi ne kuma ake gani an buga a jikin buhuna masu kilo 50 a shagunan sari na Accra da Kumasi. VHP yana tsakanin 600 da 1200. Nan ya kamata a yi wa ƙananan 'yan kasuwa tuni: wannan lamba ta 45 ta daɗe da zama tarkon 'yan damfara, masu turo saƙo ta intanet cewa suna da jirgi guda na sukarin Brazil a rabin farashi, a fara tura kafin alƙalami. Kayan da farashinsa ke bayyane ga kowa a kowace rana ba mai sayar da shi a rabin kuɗi.

Masu sayarwa da masu saye

Brazil ce uwa ma ba da mama a wannan ciniki, ita kaɗai ke fitar da fiye da rabin ɗanyen sukarin da ke yawo a teku. Cibiyar nomanta jihar Sao Paulo ce da maƙwabtanta, ana sara daga Afrilu zuwa Nuwamba, mafi yawan kayan kuma ta tashar Santos suke fita. Abin da ya bambanta ta da saura shi ne injinanta na da zaɓi biyu. Tun shirin da gwamnati ta ƙaddamar a 1975, bayan tashin farashin man fetur, ana sarrafa ruwan rake ya zama man itanol na mota. In man fetur ya yi tsada, masu inji su karkata ga itanol, sukari ya ragu a kasuwa. In ya faɗi, su dawo. Ta haka farashin ɗanyen mai ke shiga cikin kofin shayi.

Tailan da Ostireliya ne ke biye da ita, su ke ciyar da kasuwannin Asiya. Indiya kuwa sha'aninta daban ne: tana cikin manyan masu nomawa biyu, ita ce kuma ta fi kowa sha. Shekarar da damina ta yi kyau sai ta cika kasuwa, shekarar da ruwa ya yi gardama ta rufe ƙofa, kamar yadda ta yi a 2023.

Manyan masu saye sun haɗa da Indunusiya, Sin, Amurka, Bangaladash, Malesiya da Aljeriya. Wasu ma ba don cikinsu kaɗai suke saye ba. Dubai ba ta noma rake, amma matatar Al Khaleej da ke Jebel Ali na cikin mafi girma a duniya, tana tace na Brazil ta sayar wa wasu. A Afirka ta Yamma Najeriya ce ta bi wannan hanya, da matatun Dangote da BUA da Golden Sugar a Legas, duk kusan da ɗanyen Brazil suke aiki.

Inda ake yanke farashi

A kasuwar ICE ta New York ake sa wa ɗanyen sukari farashi, a ƙarƙashin kwantiragin da ake kira Lamba 11. Kowane kwantiragi laba 112,000 ne, wato tan 50 na awon Ingila, ana faɗin kuɗinsa da santi na dalar Amurka a kan kowace laba, a miƙa kaya a watan Maris, Mayu, Yuli ko Oktoba. Mai sayarwa ya loda a tasharsa, mai saye ya kawo jirgi. Farin sukari kuma a Landan ake cinikinsa, a Lamba 5, da dala a kan tan. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce abincin matata, in ta ƙuntata sai wasu su kashe inji.

Lissafin ba wuya: ƙarin santi ɗaya a New York na nufin kimanin dala 22 a tan, wato dala ɗaya da 'yan kai a buhu mai kilo 50. Kuma farashin ba ya zama wuri ɗaya. Ya haura santi 60 a Nuwamban 1974, ya faɗo ƙasa da santi 3 a 1985, ya kai wajen 36 a farkon 2011, ya sauko kusan 9 a Afrilun 2020 lokacin korona, sannan ya koma wajen 28 a ƙarshen 2023.

Siyasa

Da wuya a sami amfanin gonar da gwamnatoci suka sa wa hannu kamar sukari. Amurka na raba wa ƙasashe 40 kason ɗanyen sukarin da za su shigar mata, wanda jimillarsa ba ta gaza tan miliyan 1.1 ba a shekara, a kan haraji kaɗan. Da ta yanke kason Kyuba a 1960, Tarayyar Sobiyet ta karɓi cinikin, da ita ma ta rushe a 1991 noman raken Kyuba ya durƙushe. Yarjejeniyar Lome ta 1975 ta ba wasu ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik damar sayar wa Turai kimanin tan miliyan 1.3 a farashi mai tsoka, Morishiyos ce ta fi cin moriya. Brazil da Tailan da Ostireliya suka kai Tarayyar Turai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan tallafin da take ba manomanta, suka yi nasara a 2005, gatan na Lome kuma ya ƙare a 2009. Yarjejeniyoyin daidaita farashi da aka yi ta ƙullawa tun 1937 duk ba su riƙe ba. Hukumar Sukari ta Duniya da ke Landan yanzu aikinta tattara alƙaluma ne da shirya taro.

Ghana a cikin wannan ciniki

Alaƙar gaɓar Ghana da sukari ta girmi ƙasar kanta. Gonakin rake na Brazil da Karebiyan da ƙarfin bayi aka gina su, kuma dubban waɗannan bayi ta kurkukun Elmina da Cape Coast aka fitar da su. Kalmar ma ta yi doguwar tafiya, daga Indiya ta bi ta Farisa, Larabawa suka ce sukkar, Hausa ta ce sukari, Asantawa suka ce asikyire.

A yau Ghana na shigo da kusan duk sukarin da take sha, kuma galibi tatacce, a buhu, ta tashar Tema. Daga can manyan dillalai ke rarraba shi, ya isa Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra, ya hau tirela zuwa Kejetia da Aboabo a Kumasi, har ya kai ga mai koko da mai shayi da ke auna shi da cokali. Tun da babu babbar matata irin ta Legas, kuɗin tacewa a wata ƙasa yake zama. Mai sari kuma abu biyu yake kallo, farashin waje da darajar sidi, na biyun ma ya fi cizo. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 zuwa sama da 14 kafin ƙarshen shekara, buhu ya yi tsalle ba tare da New York ta yi wani motsin kirki ba. Gabanin azumi kuwa, da buƙata ke ƙaruwa a zanguna, wanda ya yi sari da wuri shi ke dariya.

An gwada yin na gida. A shekarun 1960 an gina masana'antu biyu, ɗaya a Asutsuare kusa da kogin Volta, ɗaya a Komenda, 'yar tafiya kaɗan daga Elmina. Duka biyun sun tsaya a farkon shekarun 1980. A watan Mayun 2016 Shugaba John Mahama ya buɗe sabuwa a Komenda, wadda aka gina da rancen dala miliyan 35 daga bankin Exim na Indiya, da ƙarfin matse tan 1,250 na rake a rana. Ba ta daɗe tana aiki ba ta tsaya, babban dalili kuwa shi ne an kafa inji ba a tanadi isasshen raken da zai ci ba. Daga baya aka koma maganar shigo da ɗanyen sukari daga waje a tace a can, shawarar da manoman rake na yankin suka ƙi amincewa da ita, domin su aka yi wa alkawarin za a riƙa sayen nasu.