Ruwan da ka zuba wa gamalin ba naka ba ne kai kaɗai

Rani ya kama, kogin Kumadugu ya fara yankewa gurbi-gurbi, ni kuma gabana ya soma faɗuwa, don na san abin da ke jira na. Makon jiya da sassafe na sauka wani gurbi a ƙasan Gaidam. Tun daga nesa wari ya tare ni. Kifi ya yi fari fat a bakin ruwa, ciki sama: karfasa, kawara, ƙurungu, 'ya'yan tarwaɗa da ba su kai ɗan yatsa ba, har da kwaɗi. An kwashe manyan cikin dare, sauran an bar wa ƙuda. Ban tambayi kowa ba, ga kwalbar gamalin nan, maganin ƙwarin da wasu ke zuba wa ruwa don kashe kifi, yashe cikin ciyawa. Bara ma haka na gani, bara waccan ma haka.

'Yan uwana masunta, kun san ni. Mun zauna tabarma ɗaya, na ci bandarku, na san yadda kuɗin koma da na ƙugiya suka tashi, na san akwai ranar da mutum zai wuni cikin ruwa ya koma gida da abin da bai isa miya ba. Amma wallahi na gaji da maganar gamalin. Na faɗa a bakin ruwa, na faɗa a fada gaban sarkin ruwa, yau ga shi ina rubutawa: ku daina zuba guba a ruwa.

Wani saurayi ya ce mini, "Malam, ai ruwan ba ya gudu yanzu, ina maganin zai je?" Na ce, "Ɗana, ɗaga kai ka dubi wancan hayin. Ƙasar wa ke nan?" Ya yi shiru. Daga yankin Gaidam zuwa bakin Tafkin Chadi, wajen Malam Fatori da Boso, akwai dogon zango da kogin nan shi ne iyakar Najeriya da Nijar. Gurbin da ka zuba wa magani, rabinsa na mutanen jihar Difa ne. Matansu a nan suke ɗibar ruwa, a nan masu lambun tattasai suke ja da inji, a nan makiyayi yake shayar da shanunsa kafin ya ƙetare. Kuma waɗannan guraben na rani su ne maɓoyar iyayen kifi. Wanda ya tsira a cikinsu shi ne zai yi ƙwai idan sabon ruwa ya zo ya bazu cikin fadama. Ka kashe uwa, ka kashe 'ya'ya, sannan da kaka ka zo kana cewa kifi ya ƙare a ruwa. To wa ya ƙarar da shi?

Ku bi ruwan nan da tunani. Daga Kano da tsaunukan Jos yake tasowa, kogin Haɗeja da na Jama'are su haɗu, ya ratsa fadamar Haɗeja da Nguru, ya wuce Gashuwa, Gaidam, Damasak, Difa, ya faɗa Tafkin Chadi. Tafkin kuwa ƙasashe huɗu ke kewaye da shi: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Mafi yawan ruwansa ma daga kogin Shari da Logon yake zuwa, wato daga ƙasashen wasu. Da su ma kowa zai ce bakin ruwana ne, in yi yadda na ga dama, me za mu tarar a Baga?

Shugabannin farko sun gane haka. A 1964 ƙasashen nan huɗu suka zauna a birnin da ake kira Injamena yanzu, suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi. Daga baya Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shigo. A 1990 Najeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yadda za su yi amfani da ruwayen da suka haɗa su cikin adalci, kuma Kumadugu na ciki. A 2012 aka amince da kundin ƙa'idojin ruwa na yankin tafkin, wanda ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin hana gurɓata ruwa. Na 1990 da na 2012 ɗin an yi su ne don ruwan ya riga ya jigata. Tafkin da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 sun tsotse mafi yawansa. A sama kuma an datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Waɗannan manyan matsaloli ne, kuma ina cikin masu cewa gwamnatoci ba su yi abin da ya kamata ba tukuna. Amma fari ba kai ka kawo shi ba, dam ba kai ka gina ba. Kwalbar nan kuwa da kuɗinka ka saya, da hannunka ka buɗe.

Wani dattijo daga hayin Nijar, da muka haɗu a kasuwa, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ku ja wa yaranku kunne, mu ma muna ja wa namu." Ban ji ya zargi kowa ba, don ya san abin yana faruwa a hayi biyun. Na ji kunya, na kuma ji daɗi. Aurenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, jana'izarmu ɗaya. Haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don an kafa tuta tsakani.

Ba zan tsaya dogon bayanin abin da gamalin ke yi a jiki ba. Maganin ƙwari ne, kuma tun 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikinsa a jerin waɗanda aka hana amfani da su a gona. Yana maƙalewa a kitsen kifi. Wanki ba ya fitar da shi duka, hayaƙin banda ma haka. Yana sa amai da jiri, idan ya yi yawa har jijjiga, kuma yara ya fi yi wa illa. Kifin nan wa zai ci? Ko 'ya'yanka, ko 'ya'yan wani a Kano ko Anaca da bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu yayyafa shi a kan banda don korar ƙwari, ku ma da ku nake. Kada kuma wani ya ce mini ai kakanninmu sun yi su da magimfa, tsiron nan mai bugar da kifi. Ita ma ban yarda da ita ba, balle wannan da ke daɗewa cikin laka.

Ko tsuntsayen da ke zuwa tafkin Dagona da fadamar Nguru lokacin sanyi, tun daga Turai suke tasowa, su ƙetare hamada, su sauka a ruwanmu. Dalilinsu na cikin abin da ya sa aka saka fadamar a jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a shekarar 2000. Baƙo ya yi wannan doguwar tafiya, ka tarbe shi da guba?

To ga abin da nake roƙo, a gurguje:

Kada ka saya, kada ka zuba, kada ka riƙe wa mai zubawa fitila.

'Yan kasuwa da mata masu banda, kifin da ya zo da yawa lokaci guda, manya da ƙanana a cakuɗe, yana saurin ruɓewa ko yana warin magani, ku ƙi saye.

In kun ga kifi ya taso ya mutu, a hana yara da dabbobi ruwan, a gaya wa sarkin ruwa da mai gari, a kuma aika wa mutanen wancan hayin tun kafin matansu su fito ɗibar ruwa.

Wanda ya ci kifin ya fara amai ko jijjiga, asibiti kai tsaye, a tafi da kwalbar in an same ta. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara.

Sarakunan ruwa na hayi biyu, don Allah ku zauna kafin ruwa ya gama janyewa, ku ware guraben da ba za a taɓa ba sai ranar da kuka sa tare, yadda iyayenmu suke yi. Ku sa rana ku aiko mini, ko a wane hayi ne zan zo.