Jonas Mekas da fim ɗin da ba ya jiran mai kuɗi

Tambayoyin nan ake ta maimaita min a kan mutumin nan. Ga amsarsu gaba ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake turowa.

Wane ne shi?

Ɗan Lituwaniya, marubucin waƙoƙi kuma mai shirya finafinan da ba su da jarumi ko labari. An haife shi a 1922, ya rasu a 2019. Ya sauka New York a 1949 yana ɗan gudun hijira, ya ci bashi ya sayi kyamarar Bolex.

Ba jarumi, ba labari, wannan ma fim ne?

Fim ne. Fim ɗinsa Walden na 1969 awa uku ne na dusar ƙanƙara a lambun Central Park na New York, da bikin aure, da abokai a bakin tebur. Rayuwarsa ya riƙa ɗauka.

Hoton yana rawa, ko bai iya ba ne?

Haba! Mutumin da ya kafa mujallar Film Culture a 1954 ne bai iya ba? Da gangan ne. Shi da abokansa sun shelanta a fili cewa gara fim mai kaushi amma da rai, da goggagge na ƙarya.

In na bi hanyarsa, zan ci abinci da ita?

Nan sai a hankali. Ba zan ce a'a kai tsaye ba, amma da wuya. Shi kansa aikin masana'anta ya fara yi a Brooklyn, yana ɗaukar fim a lokacin da ya rage masa. Abin da suka yi shi ne haɗa kai: suka kafa Film-Makers' Cooperative, inda duk wanda ya kawo fim ake karɓa ba tantancewa, a ba da haya, mai fim ya samu kasonsa. Kason bai taka kara ya karya ba. Wataƙila in kana da sana'ar da ke riƙe ka, kuma ba ka ci bashi a kan fim ɗin ba, za ka ɗore. Wataƙila wata gidauniya ta tallafa, amma kada ka ɗora tukunya a kan wannan. Kuma kada rashin kayan aiki ya dame ka: a 2007, yana da shekara 84, kullum sai ya saki gajeren bidiyo a intanet har shekara ta zagayo.

Da gaske an kama shi?

An kama shi a 1964, saboda ya haska Flaming Creatures na Jack Smith, fim ɗin da hukuma ta ce na batsa ne. Bai fasa ba, a 1970 shi da abokansa suka buɗe gidan adana finafinai na Anthology Film Archives, kuma har yau ana haska irin waɗannan finafinai a can.