Waiwaye: Daga askar wanzami zuwa allurar tatu

Wanda ya tashi a ƙauyen Hausa kafin shekarun 1980 ya san safiyar suna. An yanka rago, an raba goro, sai wanzami ya zauna bisa tabarma ya buɗe zabira, gwaggo ta rungumo jariri ɗan kwana bakwai. In an gama askin suna, kuma gidan masu tsagar gado ne, sai aska ta hau kunci, a goga baƙin tukunya don zanen ya fito raɗau. Yaron bai san hawa ba bai san sauka ba, amma daga ranar fuskarsa ce za ta riƙa faɗin asalinsa duk inda ya shiga.

Bagobiri ba sai an tambaye shi ba: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Ba'are na wajen Dogon Dutsi nasa daga gefen baki yake tafiya har kusa da kunne. Barebari na da dogayen layukansu, Kabawa da Zamfarawa kowa da irin nasa, a fadar Kano kuma akwai uku-uku da aka san bayin sarki da shi. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi wannan ba ado ba ne kawai. Da shi ake gane ɗan gida a fagen daga, da shi kuma dangi kan gane nasu bayan shekaru da ɓata.

Na kwalliya daban yake, wanda budurwa kan je da ƙafarta a yi mata: kalangu, 'yar baka, bille, fashin goshi. Matan Fulani kuwa sukan baƙanta leɓe da kewayen baki ta hanyar tsira allura a cusa baƙi. In aka duba da kyau, abin da yau ake kira tatu ke nan, inji ne kawai babu.

Abubuwa da dama ne suka taru suka rufe zabirar. Malamai sun daɗe suna kawo hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka la'anci mai yin zanen da wadda ake yi wa. Boko da zaman birni suka zo, yaro mai tsaga ya zama abin tsokana a aji. Da aka tabbatar da cutar ƙanjamau a Najeriya a 1986, sai tsoron aska ɗaya a kan jarirai da yawa ya shiga zukatan iyaye. A 2003 dokar kare haƙƙin yara ta tarayya, a sashe na 24, ta haramta yi wa yaro tsaga ko tatu, da tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin wata guda, ko duka biyun, ko da yake jihohin Arewa da yawa sun ɗau shekaru kafin su yi tasu.

Ana cikin haka zanen ya sake dawowa ta wata ƙofa. Injin tatu mai lantarki, wanda Samuel O'Reilly ya yi wa rajista a Amurka a 1891, ya iso mana ta hannayen 'yan wasan Turai da matasa ke gani a gidajen kallon ƙwallo. Bambancin shi ne yanzu mutum da kansa yake zaɓa. Abin da ke damuna shi ne yawancin masu yi a ɓoye suke yi, a wajen wanda ba a san tsaftar allurarsa ba, kuma goge zanen ya fi yin sa tsada da wahala nesa ba kusa ba.

Lalle ne ya tsallake duk wannan, don addini bai hana mata shi ba, kuma yana gogewa cikin 'yan makonni. Daga zunguru da ƙunshin tsumma an koma salatif da zanen fulawa. Sai dai baƙin lallen da ake haɗawa da dayis na gashi yana ɗauke da sinadarin PPD, kuma na ga amaryar da hannunta ya yi bororo kwana biyu kafin kai ta ɗaki, sawun fulawar ya zauna mata har bayan ta haihu.

Ban yi kewar aska a kuncin jariri ba. Sunayen tsagar da ake mantawa ne nake jin takaicinsu. Kwanan baya na nuna wa ɗiyar ƙanwata hoton kakarmu, ta ɗora yatsa kan kalangun da ke kumatunta, ta ce, "Kawu, ciwo ta ji a nan?"